Babu Kowa a Baya

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Ciyaman na ƙungiyar 'yan keke ya zo shago yau. Ina tsaka da kafa zif a rigar wata mata na ji sallama, na ɗago, sai ga shi da tumbinsa, ya riƙe hular kwano a hannu kamar wanda ya zo biko. Rabona da ganin ɗayansu tun zaman makokin maigidana, ga shi shekara na neman zagayowa.

Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki ya yi ta kewaye-kewaye. Ya gida, ya Auta, ya kasuwa, ya ƙarin haƙuri. Na ce, "Ciyaman, mai zif ɗin nan kafin magariba za ta zo. Faɗi abin da ke tafe da kai."

Wai sun zauna sun yanke shawarar kafa lambar yabo da sunan Abban Auta. Duk shekara za a ba wanda ya fi yi wa ƙungiya hidima. Abu biyu suke roƙo a wurina. In ba su rigarsa su sa a gilashi su rataye, sannan ni da hannuna in miƙa lambar ta farko, Asabar ta uku daga yau.

"Lambar Wutsiya za mu kira ta, Hajiya," in ji shi.

Har yau in na ji sunan nan sai raina ya sosu. Mutum da girmansa, da furfurarsa, a ce masa Wutsiya, shi kuma yana washe baki yana amsawa. Don shi ke zama na ƙarshe duk Asabar in sun fita, da 'yar shararsa mai ruwan lemo, da famfo da kayan faci. Wanda tayarsa ta sace nasa ne, wanda numfashi ya ƙare masa nasa ne, wanda ya ɓace hanya ma nasa ne. Kuma suna da doka. In sun isa wurin mai shayin da ke ƙarshen hanya, ba mai kai kofi baki sai Wutsiya ya iso ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Babu kowa a baya." Sannan a sha.

Na ce, "Wa za a ba?"

Ya sunkuya yana kallon guntayen ƙyallen da ke ƙasa, ya ce kwamiti bai gama magana ba. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na ce masa zan yi tunani.

Talata, da safe

Na yanka hannun riga biyu, duka na hagu. Yadin mutane.

Laraba, bayan la'asar

Aku ne. Aku za su ba.

Auta ce ta faɗa min tana wanke-wanke, ta ba ni baya don kada ta ga fuskata. Ashe har yanzu tana gaisawa da 'ya'yan Ciyaman, a wurinsu ta ji. Na ce ta maimaita. Ta ce, "Kawu Aku, Mama." Na ce kada ta ƙara ce masa kawu a cikin gidan nan.

Lallai mutanen nan ba su da ta ido. Su rasa wanda za su tsayar a gabana sai shi? In ɗauki abu mai sunan mijina in sa a hannunsa, ana tafi, ana ɗaukar hoto?

Mai gyaran fanka da firji ne, amma ba wanda ya san shi da wannan. Da baki aka san shi. Duk muryar da ya ji sau biyu ta zama tasa, shi ya sa suke ce masa Aku. A gidan nan ya ci ya sha, ya kira Abban Auta Yaya, ya kira ni Anti. Sau nawa yana tsayawa a bakin ƙofa ya ce, "Ina mutanen gidan, a taimaka min da ruwa," da muryar maigidan sak, in fito da kofi in tarar da shi yana riƙe da ciki don dariya. Na taɓa bin sa da ludayi har titi. A lokacin abin dariya ne.

Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Yaya ta kira. Na gaya mata. Ta ce, "Ke dai da riƙo kamar kaska. Kwana ne ya ƙare, ko da likita goma a bayansa sai ya tafi." Na ce na sani, ni ma ba jahila ba ce. Ta ce to ki je ki miƙa musu abinsu ki dawo, hannunki ba zai guntule ba.

Yaya mijinta na nan yana mata minshari, shi ya sa bakinta ke da sauƙi. Allah ya bar mata shi. Na ce mata cajina ya kusa ƙarewa.

Asabar, da hantsi

Ba na son Asabar.

Da, tun kafin gari ya gama wayewa zan ji Abban Auta a tsakar gida yana ba tayoyi iska, fis, fis, fis. Yana cewa gidanmu gidan keke biyu ne, nasa na yawo nawa na zaune, amma nawa ne ke ciyar da mu. Ni kuma ina daga ɗaki ina masa mita, mutane na fita neman na kai, kai kana fita bin bayan ƙartai.

Kalmar nan tasa har gida ya kawo mana ita. In za mu unguwa, sai ya tsaya kowa ya fita, ya leƙa ɗakuna, ya kashe fitila, ya ja ƙofa, sannan ya ce, "Babu kowa a baya." Ni kuma in ce, "Sai kai." Kullum haka. Tun yara na dariya har suka daina.

Ya sha cewa in zo in ga isowarsu, ko sau ɗaya, wai mai shayin na da kujera mai kyau a inuwa. In ce Asabar ce ranar ciniki. Gobe, jibi, wata mai zuwa. Ban taɓa zuwa ba. Wallahi abin nan na ci na fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa.

Lahadi, da yamma

Auta ta goge keken Abbanta. Na bar ta.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Kafin in fita shago na jawo ledar daga saman sif. A cikinta aka ba ni kayansa a asibiti, ban ƙara buɗewa ba sai yau.

Ni na ɗinka rigar nan. Ni na yi mata aljihu uku a baya, na tsakiya dogo don famfo, na ƙara mata ƙyalle mai ƙyalli a kafaɗa don masu mota su hango shi. A asibiti sun raba ta biyu da almakashi daga ƙasa har wuya. Ga zif lafiyarsa ƙalau, ja ɗaya zai buɗe, amma suka bi ta gefensa suka yanka a karkace. Na zauna ina jin haushin yankan, kamar shi ne babban abin da aka yi min.

Akwai ƙasa a kafaɗar dama, da busasshiyar ciyawa a cikin aljihu. Ciyaman na son ya sa wannan a gilashi. Bai san yadda take ba, don ba su ne suka cire masa ita ba.

Na mayar da ita.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ciyaman ya dawo, da kwali a hammata. Ya buɗe a kan teburin yanka yana murmushi, wai in gani ko ya yi. Wani ɗan mutum-mutumi ne mai ruwan zinare a kan keke, ya saki kan keken ya ɗaga hannu biyu sama, ya zo na ɗaya.

Dariya ta ƙwace min, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce, "Ciyaman, wannan wane ne? Mijina dai bai taɓa zuwa na ɗaya ba ko a layin famfo." Ya ce shi kaɗai ne mai keke a shagon, sauran duk 'yan ƙwallo ne.

Na ce masa na ji wanda za su ba. Ya ajiye murmushin. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki saurare ni. Tun daga ranar ba wanda ya yarda ya koma baya. Kowa tsoro yake. Shi ya koma, ba wanda ya sa shi. Ruwa ko rana bai fasa ba. Ba ya wasa, ba ya kwaikwayon kowa, shayin ma ya daina sha. In ya iso sai ya ɗaga hannu kawai, mu gane. Kalmar ba ta ƙara fitowa daga bakin kowa ba."

Na ce, "Ranar dai ta fito."

Ya kai hannu ya mayar da ɗan zinarensa cikin kwali.

Na ce, "Ranar kun ji ta, da muryarsa kuka ji ta, daga bayan rumfa. Kun yi dariya da kuka ga Aku ne mai yi. Kun ce ai yanzu zai ɓullo. Shayinku da zafinsa kuka sha, ko ƙarya aka faɗa min?"

Matar mai shayin ce ta faɗa min a zaman makoki, tana zaton na riga na sani. Har ƙari suka nema, in ji ta, kafin wani ya ce wai shin ina Wutsiya. Wani direban babbar mota ne ya riga su ganin ruwan lemo a cikin ciyawa. Likita ya ce da an kawo shi da

A'a. Na ce ba zan rubuta ba.

Ciyaman ya rufe kwalinsa. A bakin ƙofa ya ce, "Duk mun sha, Hajiya. Ni na fara ɗaukar kofi." Ya tafi ya manta hularsa a kan benci.

Alhamis, bayan magariba

Na tarar da Auta a falo da tsohuwar wayata da tata da ta yayanta, ta baza su a kan tabarma. Tun rana take bin su ɗaya bayan ɗaya. Abbanta bai taɓa aika saƙon murya ba, ya ce shi ba ɗan jarida ba ne, in yana da magana zai kira. A bidiyon ƙungiya kuwa, can baya yake, ɗan ɗigon ruwan lemo, ba abin da ake ji sai iska. Wayarsa ta fashe ranar.

Ta ce, "Mama, na manta muryar Abba."

Na ce kada ta yi min shirme, ta yaya mutum zai manta muryar ubansa. Ta ce ta rantse tana ganin bakinsa na motsi amma ba ta jin komai. Sai ta ce, a hankali, "Akwai inda ta rage."

Na san abin da take nufi. Na miƙe tsaye. Na faɗa mata maganganun da uwa ba ta faɗa wa 'yarta, har da cewa in tana son sa haka ta tattara ta koma gidansa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kwashe wayoyin ta shige ɗaki.

Bakina ya fi almakashina kaifi, Abbanta ya sha faɗa.

Juma'a, da asuba

Na gwada. Ina jin kalmomin, babu kowa a baya, amma da muryata nake jin su.

Juma'a, da rana

Ba ta ci abinci ba. Na ajiye mata a bakin ƙofa.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ban buɗe shago ba. Na ce wa kaina zare zan saya, na hau mota na sauka a mahaɗar da suke bi, inda ba a sayar da ko allura. Na tsaya a gindin wata bishiya na ja mayafi.

Na farko suka wuce fuu, kai a ƙasa, ba ka gane kowa. Sai na tsakiya suna hira. Sai Ciyaman yana haki. Sai hanya ta yi shiru har na ɗauka sun ƙare.

Can sai ga wani dattijo yana taka keke da ƙyar, a bayansa kuma Aku. Da ban san tafiyarsa ba da ban gane shi ba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ba shi da rigar kirki, wani tsumma ja ya ɗaura a bayan sirdi, ya ɗaure famfo da roba. Yana dafa bayan dattijon da hannu ɗaya a hawan. Kuma bini-bini sai ya waiwaya. Ba kowa a bayansa, titi ne fayau, amma sai ya waiwaya.

A waiwayen nan ya gan ni. Keken ya yi tangal-tangal har ya sa ƙafa a ƙasa. Na ɗauka zai zo ya fara ba ni haƙuri, na ma shirya abin da zan ce masa. Bai zo ba. Ya sunkuyar da kai, ya dubi dattijon da ya fara nisa, ya hau ya bi shi.

Ranar da ya zo gaisuwa na sa aka mayar da shi daga bakin ƙofa. Ya sake zuwa, na sake. Daga nan bai ƙara ba.

Wannan hawan kenan Abban Auta yake ba ni labari, wanda yake cewa in ka tura mutum a kansa sai ka ji kamar kai ma an tura ka. Ina jin sa da kunne ɗaya ina lissafin yadi. Yau na gan shi da idona, mai labarin ba ya nan.

Lahadi, da hantsi

Na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado. Na ce, "Auta, bakina ne, kin san shi." Ta ce, "Na sani, Mama." Ta matsa min. Mun daɗe a haka.

Talata, bayan azahar

Na kai rigar shago. Na jiƙa ta, ƙasar ta fita, ciyawar na zuba a wata 'yar kwalba, ban san dalili ba. Yankan ya karkace da yawa, ba ya haɗuwa baki da baki, sai da na sa wani ƙyalle ta ciki na bi shi da ɗinki biyu. Tabon na nan, duk mai ido zai gani. Na rage ta a gefe da gefe, don wanda zai sa bai kai mai ita jiki ba.

Ina cikin ragewar na gane abin da nake yi. Na tsayar da keken na yi kuka har mai shagon kusa ta leƙo.

Kada wanda ya ce na yafe. Ban sani ba ko na yafe. Abin da na sani, tsumma ja ba ya hana mota take mutum.

Laraba, da yamma

Na kira Ciyaman. Na ce ya zo ya ɗauki hularsa, ya kuma mayar wa mai shago ɗan zinarensa. Ba gilashi, ba ƙusa a bango. Rigar ita ce lambar, wanda aka ba ya sa ta shekara guda a baya, in ta yage a kawo min. Ya ce, "To za ki zo kenan?" Na ce in ya ƙara tambayata zan fasa.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Gobe. Na ninke rigar na sa a jaka.

Asabar, bayan la'asar

Kujerar na nan a inuwa, yadda ya faɗa. Mai kyau ce kuwa.

Mun riga su isa ni da Auta. Mai shayin ya rasa inda zai sa kansa, matarsa ta ƙi fitowa. Suka fara isowa, suna jingine kekuna, suna zuwa gaishe ni ɗaya-ɗaya da hula a hannu. Aka jera kofuna a kan dogon tebur, aka zuba, ba wanda ya taɓa. Muka zauna muna kallon hanya.

Ya iso a ƙarshe, shi da dattijon nan. Ya ɗaga hannu daga nesa ya tsaya can gefe.

Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci Abban Auta da cikakken sunansa, aka yi masa addu'a. Sannan ya kira Aku. Sai da aka turo shi. Ya zo ya durƙusa a gabana, idonsa a ƙasa. Na fito da rigar daga jaka. Da ya ga ɗinkin da ke gabanta sai ya kai hannu ya rufe fuska.

Ya ce, "Anti, ban cancanta ba."

Na ce, "Ban ce ka cancanta ba. Tashi ka sa, in ga ko ta yi maka."

Ta yi masa. Idona bai taɓa yi min ƙarya a awo ba.

Aka fara tafi, na ɗaga hannu aka bari. Na ce, "Saura abu ɗaya. Ba a sha ba tukuna. Ka faɗa." Ya dube ni bai gane ba. Na ce, "Yadda yake faɗa. Da muryarsa."

Ya ja da baya kamar na watsa masa ruwan zafi. "Anti, ki yi min rai. Na yi rantsuwa. Ki sa ni komai ban da wannan."

Sai Auta ta matso. Ta ce, "Kawu, don Allah. Na manta ta."

Ya daɗe yana kallonta, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya je ya kamo kekensa, ya juya mana baya don kada mu ga fuskarsa. Abin da ke gabanmu rigar ce kawai, da aljihunta uku. Ya gyara murya, abin ya ƙi. Ya sake. Ya kaɗa ƙararrawa.

"Babu kowa a baya."

Ita ce. Har da 'yar dishewar nan ta ƙarshe, har da yadda yake jan bayan kamar mai tambaya. Auta ta damƙe hannuna har ya yi min zafi. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, a gaban ƙartai sama da talatin, da ƙarfi, yadda na saba a bakin ƙofa.

"Sai kai."

Ba wanda ya motsa. Mai shayin ya zo yana raɗa wai ko ya sake ɗumamawa, ya huce. Na ce ya bar shi. Na ɗauki kofi ɗaya na miƙa wa Aku, na ɗauki nawa. Haka muka sha shi da sanyinsa.